Sati Shida da Takwararki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, Inna, irin gaisuwar da kika koya mini, ta durƙuso har ƙasa, tare da fatan Ubangiji Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Anka muna yadda Allah Ya ajiye mu. Malam lafiya, jikokinki uku lafiya, damina kuma ta yi kyau ga waɗanda suka samu damar zuwa gonakinsu.

Na san da kina nan dariya za ki yi mini. Ke da ko da ranki sai an nemo mai karanta miki takarda, yau ga Dije tana rubuto miki wasiƙa har kabari. Na kuma san wasu za su gani a waya su ce na kwance wa gidanmu zani a kasuwa. Su ce. Shekara uku ke nan da rasuwarki ina haɗiye maganar nan, hutun makarantar bana ne ya hana ta komawa ciki.

Ranar da aka ba da dogon hutu, Sadiku ne ya fara faɗowa gida yana ɗaga sakamakonsa sama. Ya zo na huɗu, zai wuce aji biyar. Nana na biye da shi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ita ma ta wuce aji biyu. Sai can daga baya Ummi ta shigo, takwararki, wadda muka sakaya sunanta saboda bakina ba zai iya kiran naki ba. Ta miƙo mini wata takarda a ninke, ta wuce ta ɗauki tsintsiya.

Shekararta goma sha uku yanzu, Inna. Ta kamo ni tsawo. Wannan ne karo na uku da ta zauna aji huɗu, kuma bana aji ɗaya suka yi da Sadiku, ƙaninta da ta goya da bayanta. Takardar ta hedimasta ce, yana nemana.

Na je washegari. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin da bai yi ba. Ya ce aji ya cika maƙil, yara har ƙasa suke zama, ba zai iya ci gaba da riƙe mata benci ba alhali ba ta motsawa. Amma ya ce zai ba ta dama ɗaya. Ranar da aka dawo hutu zai gwada ta da kansa: ta rubuta sunanta da na mahaifinta, ta karanta layi biyar, ta yi ɗan lissafin tarawa. In ta yi, ta zauna. In ba ta yi ba, sai mu yi haƙuri mu riƙe ta a gida.

Da na faɗa wa Malam, sai ya daɗe yana goge fitilar babur ɗinsa da ba ta da datti. Ya ce, "Ki bar ɗiyag ga ta huta hakanan, Dije. Abin da Allah bai ba ta ba, bulala ba ta ba ta shi." Na ce masa ba bulala na roƙa ba, sati shida na roƙa. Ya ce to, ga ki ga ta.

Kin san hutu dai. Ke kike cewa hutun yara aikin uwa ne, to ban ga gaskiyarki ba sai da nawa suka kai uku. Yaran da ke fita da ɗan koko a ciki su wuni lafiya a makaranta, da an ba da hutu sai ka ce an ɗaure musu kura a hanji. A ci ɗumame, kafin in wanke tukunya Sadiku ya leƙo yana tambayar me za a dafa. Ya fasa mini randa da ƙwallo a satin farko, ya rantse iska ce. Nana kuwa bakinta ba ya rufuwa daga asuba: me ya sa kaza ba ta fitsari, wa ya haifi Annabi Adamu, don me ruwan sama ba ya zuwa da gishiri. In hadari ya taso kowa ya ruga kwashe shanya, in ruwa ya sauka ɗakin tsakiya na yoyo, mu jera kwanoni. Tsakar gida ta zama caɓi, su shiga su fita, in share, su sake.

A cikin wannan hayaniyar na yanka mana lokaci ni da Ummi. Da hantsi, bayan an gama shara da wanke-wanke, kafin in ɗora girkin rana, sai mu shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. In kori Sadiku waje, in ba Nana wake ta tsince. Na samo allo da alli, in alli ya ƙare mu koma gawayi da bangon ɗakin girki.

Da sunanta muka fara, kuma a nan na fara shan wuya. A makaranta ba Ummi aka rubuta ba, sunan yanka aka rubuta, wato naki. Ni da tun da na yi wayo ban taɓa buɗe baki na kira shi ba, ko wata mai irinsa na haɗu da ita sai dai in ce mai sunan Inna, sai ga ni zaune ina maimaita shi da ƙarfi, gaɓa gaɓa, sau ashirin, sau talatin. Ranar farko harshena har nauyi ya yi. Nana ta ɗago daga tsintar wake ta ce, "Mama, ba ki jin kunya?" Na ce ina ji, ki tsinci wakenki.

Harafi shida ne kawai, Inna. Takan kama su kafin azahar. Ta rubuta, ta kalle ni, in ce madalla, fuskarta ta washe. Washegari in miƙa mata alli, ta riƙe shi ta ƙura wa allon ido, sai ka ce ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Mu koma farko. Ɗibar ruwa da kwando ke nan, ni kuma na ƙi yarda kwando ne.

A sati na uku na mare ta. Zan faɗa miki don ba ni da wanda zan ɓoye wa yanzu. Tuwo na ƙonewa, Sadiku ya dawo da goshi a fashe, ita kuma ta tsaya a harafi na uku tana murza alli har ya zama gari. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta sauke mini tukunyar, ta kwashe tuwon, ta kankare ƙanzon ta jiƙa. Ni ce na shiga ɗaki na yi kukan.

Don kar ki ɗauka yarinyar ba ta da komai, hannunki gare ta. Tuwonta ba ya gudaji. Ta san kowace kaza a gidan nan da wadda ta ƙyanƙyashe ta. Jaririn maƙwabta in ya ƙi kowa, ita ake kawo wa. Kitson da ke kan Nana yanzu ita ta yi, har mata suna tambaya. Kuma tana son makarantar nan, son da su Sadiku masu ƙoƙarin ba sa yi mata. Ita ke fara tashi, ita ke wanke kayan makarantar kowa. Ko a hutun nan, duk Juma'a sai ta fito da nata ta sake wankewa ta ninke.

Kwana biyu bayan marin, muna zaune a tabarma, sai ta ajiye allin ta ce, "Mama, mi yas sa in na aje abu cikin kaina, da sahe ban iske shi? Su Sadiku suna iske nasu." Ta tambaya ne kamar mai cigiyar ɗankunne. Na ce mata ciwo ta yi tana ƙarama. Ta ce to, ta ɗauki allinta.

Ke kin san ciwon, ni ma na sani.

Tana da shekara biyu ba kaɗan na kawo miki ita yaye, kamar yadda aka kai ni wurin tawa kakar. Damina ce irin wannan. Lokacin Yaya Lawali ya shiga harkar zinari, shi da duk wani mai ƙarfi a garinmu. Buhunan duwatsu har cikin gida, a farfasa, a niƙa, a wanke, a tara ragowar garin a bayan danga tsibi tsibi. Kowa na murna. An sayi babura, an yi rufin kwano, ba wanda ya ga abin tsoro a ƙasa.

Da kika ji za a kawo miki takwara, sai kika ce ɗakinki ya farfashe, ba ta zama a kan turɓaya. Kika tara matan unguwa aka yi daɓe. An ba ni labari har waƙa aka yi, aka dafa dambu. Kin jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ake yayyafa wa daɓe, tun kwana uku kafin ranar. Kuma ke da kanki kika ɗauki ƙwarya kika zaga bayan danga, kika ɗebo garin dutsen nan, don kin ga ya fi kowace ƙasa laushi, ga shi yana ɗan walƙiya in rana ta taɓa shi. Kika tankaɗe shi da rariya aka haɗa.

Ranar da muka iso kika kama hannuna kika kai ni ƙofar ɗakin tun ban ajiye kaya ba. Kika ce, "Duba nan, Dije. Ɗakin amarya niy yi ma takwarata." Na shafa shi da tafin hannuna, sumul, na ce Inna wannan ai ko gidan hakimi. Da hannuna na sauke ta daga bayana na zaunar da ita a kai. Na tuna ta tsaga wani ɗan wuri da farce tana kai wa baki, muka yi dariya, kika ce duk ɗan da bai ci ƙasa ba bai yi ƙwari ba.

Wata biyu ta yi a wurinki. Sai aka aiko mini cewa jijjiga ta kama ta. Kafin in iso an binne yara biyu a unguwarku, ana ta cewa iska ce, ana ta turare. Sai da ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi jini aka ji sunan abin, gubar dalma, irin wadda aka yi ta ji a ƙauyukan Duza da Sunke. Suka ce tana cikin dutsen, tana cikin garinsa, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Muka yi makonni a asibiti nan Anka. Ta rayu. Likitan ya ce mu gode wa Allah, amma mu sa ido a kan karatunta in ta girma. A lokacin ban ma saurare shi ba, ni dai na ga ɗiyata ta buɗe ido.

Kin biyo mu asibitin da ƙwaryar fura a ka. Kin tuna abin da na ce miki a bakin ƙofa, gaban mutane? Na ce, "Amana nib ba ki, Inna." Iyakar abin da na ce ke nan. Kika ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, kika gyara lulluɓi, kika juya. Ban bi ki ba.

Daga baya Yaya Lawali ya faɗa mini cewa da masu kwashe ƙasa mai guba suka zo gidan, na'urarsu ta auna gubar ta fi yin kuka a ɗakinki. Suka sa diga suka farfashe daɓen, suka zuba a buhuna suka tafi da shi. Ya ce kina tsaye kina kallo har suka gama, da suka fita kika ce a ba su ruwa su sha.

Mun ci gaba da gaisawa, ba wanda zai ce mun ɓata. Ina zuwa da salla, in wuni in dawo. Amma ban sake kawo miki yaro ya kwana ba. Sadiku da Nana a gida na yaye su, mutane suna ta surutu. Da Ummi ta shiga makaranta, duk hutu sai saƙonki ya zo ta hannun direban motar kasuwa: "A ce ma Dije ta kawo man takwarata hutu. A ce mata ɗakin yanzu siminti na." Ni kuma kullum da uzurina. Bana ana darasin hutu, bana Malam ba ya nan, bana hanya ba kyau. Daga baya hanyar ta lalace da gaske, mutanen daji suka hana kowa sakat, sai na samu uzurin da ba wanda zai musa. Allah Ya sani har wani sauƙi na ji.

Akwai wadda ta fi wannan. Duk garin dawa da kukar da kika riƙa aiko wa jikokinki, ban taɓa tuƙa musu ba. Tsoro nake ji. Bayan gida nake zagawa in zubar, in aika a ce miki sun ci sun gode.

Kin rasu Ummi na da shekara goma, rabonki da ita tun tana goye. Da muka zo gaisuwa na shiga ɗakin. Simintin na nan, an share shi tas, ga wata 'yar sabuwar tabarma a naɗe a jingine da bango. Matar Yaya Lawali ta ce tun shekara huɗu kika saye ta, kin hana kowa shimfiɗawa.

Bana da yaran maƙwabta suka ɗaure kaya za su Gummi wurin kakarsu, Nana ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Mu ba mu da gidan hutu?" Na ce kakarku ta rasu. Ta ce, "Da tana da rai muna zuwa?" Na ce ta je ta kira Sadiku a ci abinci.

Bayan tambayar da Ummi ta yi mini ban sake ɗaga mata murya ba. Na rage abin da nake koya mata. Na bar lissafi, na bar layi biyar, na ce ko sunan kaɗai ta kai, wataƙila hedimasta ya duba ƙoƙarinta. Muka mai da shi waƙa, tana daka tana rerawa. Sadiku ma, da nake cewa ba ya da hankali, sai ga shi yana zama kusa da ita da yamma bayan Islamiyya yana riƙe mata allo. Ya daina cewa aji biyar a gabanta.

A satin ƙarshe, kwana uku a jere, ta tashi da safe ta rubuta sunan nan cikakke ba wanda ya tuna mata. Harafi shida, da na Malam a gefe. Na kira shi ya gani. Ya tsaya yana kallon bangon ɗakin girki, ya ce, "Ikon Allah." Ranar Asabar ya dawo daga kasuwa da sabuwar safa da fensir guda biyu, nata ita kaɗai. Na sa rai, Inna. Na sa rai har na fara tunanin inda za ta zauna a aji biyar.

Litinin muka tafi tare. Hedimasta ya sa aka kawo mata kujera a ofishinsa, ya yi mata magana da taushi, ya ba ta takarda. Ni ina waje ta taga. Ta rubuta harafi na farko, na biyu, na uku. Sai fensirin ya tsaya. Ta kalli takardar, ta kalli silin, sannan ta juyo ta kalle ni. Leɓunana suna motsi, ina faɗa mata a zuci, har na fara rera waƙar dakan a hankali. Ta yi mini murmushi kawai. Ya ba ta lokaci mai tsawo, fiye da yadda ya yi alkawari. Da ya buɗe mata littafi ta gane kalma biyu.

Ya fito ya same ni. Bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Wallahi ba ƙin ta muka yi ba." Na ce na sani, na gode. A hanya tana riƙe da fensiranta biyu tana ba ni labarin wata akuya da ta gani a filin makaranta. Ba ta gane abin da ya faru ba, ni kuma na ce bari mu isa gida. Da muka isa na ce bari a ci abinci. Da aka ci na ce bari Malam ya dawo. Da ya dawo ya kalle ni, na kalle shi, ba wanda ya iya faɗa mata.

Jiya Talata, ina fitowa daga alwalar asuba na tarar ta riga kowa. Ta ɗora koko, ta yi wa Nana wanka, ta sa kayan makarantarta da sabuwar safa, tana zaune a bakin zaure da jaka a cinya tana jiran ƙannenta su gama. Sadiku ya fito ya gan ta, ya dawo ciki ya tsaya a bayana, don shi ya san abin da ya faru.

Na je na durƙusa a gabanta. Duk maganar da na shirya ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ummi, ke hutunki bai ƙare ba. Su Sadiku za su tafi, ke ki taya ni aiki."

Ta dube ni ta ce, "Ni ɗai anka ƙara ma?" Na ce e. Ta ce, "Yaushe shika ƙarewa?" Na ce za a aiko.

Ta raka su har bakin titi, ta gyara wa Nana hijabi, ta tsaya har suka sha kwana. Sannan ta dawo ta cire kayan, ta ninke su a hankali, ta sa a ƙarƙashin matashinta don kar su yamutse kafin a aiko. Yau da safe da ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida, da gudu ta fita ta duba ko ɗan aiken ne.

Inna, na yi shekara goma sha ɗaya ina ganin uwa ba ta cutar da ɗanta sai in ta yi sakaci. Jiya na kalli ɗiyata ido cikin ido na yi mata ƙarya don ina son ta, kuma ban san ranar da zan iya warware ta ba. Ke ba ki ma yi ƙarya ba. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, duk garin ba wanda ya sani. Ni na ɗauki abin da ya fi ƙarfin kowa na ɗora miki ke kaɗai, na bar ki kika tafi da shi. Ki yafe mini. Na san na makara, amma ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yalwata kabarinki, Ya sa haƙurin da kika yi da ni ya zama nauyi a mizaninki. Allah Ya ba takwararki abin da zai riƙe ta a duniya ko ba ta hanyar takarda ba, Ya haɗa ta da masu tausayinta bayan ba mu. Ni kuma Ya ba ni bakin da zan faɗa mata gaskiya kafin ta gaji da fita duba ƙofa. Amin.

Taki har kullum,
ɗiyarki Dije,
daga Anka.